Hoton Ciki da Gardamar Zaure

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka na tashi ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ko ina tsaye a gabansa, sai ya dubi Inna ya ce, "Ki ce da yarinyar nan ta miƙo min buta." Ban taɓa jin haushi ba. Kunyar ɗan fari ce, haka kowa yake yi a lungunmu na Gwale.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, bangon unguwa duk ya cika da hotunan 'yan takara, ni kuma na dawo gida goyon ciki. Kafin nan na ɗan ga jini, da na je awo aka yi min hoton ciki. Likitar, wata mata mai sanyin magana, ta ce mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa. In naƙuda ta same ni a gida jini zai ɓalle, ni da ɗan duka muna iya tafiya. Sai dai a yi tiyata kafin lokacin.

Inna ce ta kai wa Baba maganar, don ni ba zan iya haɗa ido da shi da tulelen ciki ba. Ya ce a'a.

Kada wani ya ɗauka Baba mugu ne, wallahi ko kaza ba ya son a yanka a gabansa. Malami ne, magidanta ke ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar. A wurinsa duniya ba ta motsi da kanta ko na ƙiftawar ido. Wuta ba ta ƙuna sai Allah Ya ce ta ƙona, a wannan lokacin, a wannan wurin. Abin da ke cikin mahaifa kuwa yana cikin abubuwan da Ubangiji Ya keɓe wa kansa saninsu, duk wanda ya ce ya leƙa ya gani, ya shiga hurumin da ba nasa ba. Ta yaya za a farke cikin mutum mai lafiya a kan maganar na'ura?

Baffa, ƙanin Baba, kimiyya yake koyarwa a wata sakandare wajen Ƙofar Kabuga. Shi cewa yake Allah Ya shimfiɗa duniya a kan tsari, Ya ba ɗan Adam hankali don ya karanta tsarin, ƙin karantawa kuma butulci ne. Tun ina ƙarama suke wannan gardama, a kan ruwan sama, a kan ganin wata, a kan husufi. Daɗinta suke ji. Sai su yi ta yi har shayi ya huce, su rabu suna dariya, Baba yana ce masa "ɗan boko", shi yana cewa "Allah gafarta Malam".

To, yanzu ga sabon abin gardama ya samu: ni.

Mijina kuwa, mai shago a Ƙofar Wambai, ɗalibin Baba ne. Da na matsa masa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk abin da Malam ya ce." Kai! Ji na yi kamar in maƙure shi.

Wata la'asar ina kwance a ɗakin Inna, bango ɗaya ne tsakaninmu da zaure, ina jin su. Baffa yana cewa ganin kwanciyar jariri ba gaibu ba ne, ai ungozoma ma tana laluba da hannu. Baba yana jawo hujja daga wannan littafi zuwa wancan. Har wani cikin ɗaliban ya ce, "Madalla da wannan bayani!" Abin da ke cikina ya motsa. Tsoro ya kama ni, sai kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ja mayafi na nufi zaure, Inna tana "Ke! Ke! Kin haukace ne?"

Na durƙusa a bakin ƙofa, maza duk suka kau da kai. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ba maganar ganin wata ake yi ba, ba ta ruwan sama ba. Ni ce. Kuma tsoron mutuwa nake ji."

Baba bai dube ni ba, ya rufe littafinsa ya sallami ɗalibai. Na koma ɗaki ina kuka, ina ganin na zubar masa da girma a gaban mutane.

Washegari da hantsi ya sa babbar riga, ya ce da Inna, "Ki ce da yarinyar nan ta shirya." Da kansa ya tare tasi. Mutumin da bai taɓa taka asibiti ba, ya zauna a gaban likitar nan yana kallon ƙasa. Ya ce tambaya ɗaya ta kawo shi.

"Na'urar taku ta ce za ta rayu in kun yi aikin?"

Likita ta ce, "A'a, Malam. Inda mabiyiya take kawai ta nuna. Rayuwa kam sai Allah."

"Ta ce ɗan zai zama na kirki ko akasin haka? Ta faɗi arzikinsa?"

"Ba ta san wannan ba."

Sannan ya ce, "Ashe kun san iyakarku. To, ku yi aikinku."

Har ya bar duniya bai yarda Baffa ya kayar da shi ba. Cewa yake Allah ne Ya nuna wa likita a wannan ranar, da Ya so da ba ta ga komai ba. Baffa ya ce ai maganarsa ke nan tun farko, suka ɗora daga inda suka tsaya. Ni dai ga ɗana nan, har ya yi gemu.

Amma ba gardamar nake yawan tunawa ba. Ranar tiyatar, an ɗora ni a gadon turawa, Inna ta kasa tsayawa ta koma gefe. Ana dab da shigar da ni sai na ji wata murya ta kira sunana, cikakke, yadda aka raɗa min. Na waiwaya ina neman Baffa. Ba ya wurin.

Baba ne, hularsa a karkace. Ya sake kira, ya ce, "Kada ki ji tsoro. Ina nan."