Baba Kashe-Kunna da Rautar da Ta Ƙi Tashi

Ƙarfe bakwai da rabi, kafin a buɗe laburarenmu, za ka ji ƙarar makullansa a matakala. Ba ya gaida kowa sai ya fara zuwa ƙuryar ɗakin karatu inda rauta take, wato ɗan farin akwatin nan mai ƙaho biyu da ke raba mana intanet. Zai ɗora bayan hannunsa a kanta kamar mai duba zazzaɓin jariri. Ya zaro tsohon burushin haƙori daga aljihu ya share mata ƙura, ya ƙirga fitilunta, guda huɗu, duk kore. Sai a sannan zai juyo ya ce, "Ina kwananku?"

Shekara goma sha bakwai yana haka. An canza rautar sau uku, shi ba a canza shi ba. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu.

Ban taɓa rubuta abin da za a liƙa a allon sanarwa ba. Na yaga takarda huɗu kafin wannan, don haka a yi mini afuwa in na yi tuntuɓe.

Ɗalibai ne suka sa masa Baba Kashe-Kunna. Duk wanda ya je ya ce, "Baba, intanet ta tsaya," amsar ɗaya ce: "Kun kashe kun kunna?" Wani mai tsokana ya taɓa ce masa wannan aiki ai ko akuya za ta iya. Baba ya ce, "Za ta iya mana. Kai da ka fi ta karatu me ya hana ka?"

Amma mai shara ta ce ta taɓa samunsa kwance rigingine a ƙarƙashin dogon tebur, da fararen kaya, yana bin waya taƙi-taƙi har ya gano inda ɓera ya ci. Malamar jinya ta asibitin da ke makwabtaka da mu ta ce ranar da kwamfutarsu ta ƙi fitar da sakamakon gwajin jini, bai ko zauna ba sai da takardar farko ta fito. Waɗannan su suka gani. Abin da ni na gani, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Akwai soket ɗaya tak kusa da kujerar da nake zama, kuma a nan rauta take jone. Malama, shugabar laburare, ta sha faɗa cewa duk wanda ta kama ya taɓa soket ɗin, katinsa na karatu ya tafi har abada. Ni kuwa a gidanmu mu tara ne a ɗaki biyu. In aka raba ni da katin nan, ban san inda zan buɗe littafi in ji abin da yake cewa ba.

Wata safiyar Talata, bara, na zo da wuri. Wayata ta mutu, ga shi Umma ta ce in kira ta da zarar na iso. Babu kowa a ɗakin. Na ga fitilar rauta tana ƙiftawa ja-ja, ban kawo komai a raina ba. Na zare filoginta, na sa cajata, minti uku kacal, na kira Umma, na mayar da filogin.

Ba ta tashi ba. Fitila ɗaya za ta kama, ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta mutu, ta sake kamawa, kamar mai son yin magana yana mantawa.

Kafin ƙarfe tara ɗakin ya cika da masu cike fom ɗin jarrabawa, kowa yana ɗaga waya sama. Malama ta fito tana tambayar wa ya je ƙuryar nan. Na sunkuyar da kai cikin littafi, layi ɗaya na karanta sau ashirin.

Baba ya dawo daga asibitin, inda aka kira shi gyara da sassafe. Mai tsokanar nan ya ce, "Baba, mun kashe mun kunna, yau kam sihirinka ya ƙare." Baba ya ja kujera kusa da ni, ya zura wa fitilar ido, ya shinshina bayan rautar. Sai ya fara magana ƙasa-ƙasa, kai ka ce da ita yake.

"Ba ta ƙone ba, babu ƙauri. Na bar ta tana karɓar sabuwar manhaja, wadda ke tada ta in an kunna. In an katse ta a tsakiya, ta manta tsohon karatu, ba ta haddace sabo ba. Wannan ina da maganinsa. In kuwa cikinta ne ya lalace, ɓata lokaci zan yi, gara in ce wa Malama a nemo wata." Ya ƙara da cewa, "Da ma wani ya ga abin da ya faru."

Ban ɗago ba na ce, "Baba, minti uku ne kawai."

"Fitilar tana ja?"

"Tana ja."

"Madalla, 'yata. Kin rage mini aikin yini guda."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya buɗe kwamfutarsa, ya jona ta da rautar da shuɗiyar waya, ya ciro filashin da ke rataye cikin makullansa, inda yake adana manhajar kowace na'ura da ke ginin. Ya zare filoginta, ya miƙe wani kilif na takarda ya tura a ɗan ramin da ke bayanta. Ya ce in an danne nan yayin da wuta ke shiga, rautar takan buɗe kunne na ɗan lokaci, a nan ake ɗura mata karatun.

"Hannuna biyu ne, duk na ba su aiki," in ji shi. "Ke da kika san hanyar soket ɗin nan, in na ce sa, ki sa."

Na sa. Aka jira. Rautar ta tofar da abin da aka ba ta, ta koma ƙyaf-ƙyaf. Malama ta ƙaraso ta tsaya a kanmu, ta harɗe hannuwa.

Baba ya kifa rautar, ya kai takardar da ke gindinta dab da hancinsa, ya janye, ya sake kawowa. "Ke mai cinye littattafai, karanta mini lambar ƙarshen nan. Uku ce?"

"Biyu ce, Baba."

Ya yi dariya. "Ashe rigar ƙanwarta na sa mata." Ya zaɓi wata manhajar, muka sake. Wannan karon wani layi ya fara tafiya a fuskar kwamfutar, a hankali kamar tururuwa. Ya ce kada wanda ya yi ko tari kusa da soket. Da layin ya cika, fitilu suka mutu gaba ɗaya. Sai ta farko ta kama kore, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Wayoyin ɗakin suka ɗau ƙara lokaci guda.

Malama ta ce, "Me ya same ta?"

"Wuta ce ta yanke mata tana cikin karatu."

"Yau ba a ɗauke wuta ba."

"Ita an ɗauke mata," in ji Baba. "Kuma laifina ne. Wanda ya bar aiki irin wannan ya tafi bai liƙa ko takarda ba, shi za a tambaya."

Malama ta dube shi, ta dube ni, ta koma ofis. Washegari ya zo da tsani ya mayar da soket ɗin rauta can sama kusa da silin, ya bar na ƙasan da 'yar takarda: "Na masu kiran Umma." Ban san lokacin da ya ga sunan a fuskar wayata ba.

Baba, kai ne ka nemi gaskiya don ka yi gyara da ita, ba don ka kama mai laifi ba. Kai ne ba ka yi ƙarya ba, kuma ba ka tona ni ba. Likitan akwatin da ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, na gode. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya sa ka huta lafiya.

Ga wanda zai gaje shi, da mu duka: kafin ka tambayi wa ya ɓata, ka ja kujera ka tambayi me ya faru.

Malama, na san ke za ki fara karanta wannan, tunda ke ke riƙe da makullin allon. Shekara guda Baba yana ɗauke da laifina, ba na so ya tafi da shi gida. Ni ce na zare filogin. Katina yana kan teburinki, ƙarƙashin abin danne takardu. Gobe ƙarfe takwas zan zo in ga ko yana nan.