Geron Da Aka Ƙara Mana Kafin Awo

Akwai wata kaka da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ban daɗe da dawowa Dogon Dutsi daga karatun lissafi a Yamai ba, kaina cike da alƙaluma, ina jin ba abin da zai gagare ni aunawa a duniyar nan. Sai aka ɗauke ni aikin anket, wato binciken yawan hatsin da manoma za su samu. Da sakamakonmu ake ware garuruwan da suka yi giɓi, a kai musu hatsi mai rahusa kafin yunwa ta kama su.

Ba a auna gona duka. Ƙuri'a ake yi a fitar da magidanta kaɗan a gari, a shiga gonar kowane a kafa turaku huɗu, mita goma ta kowane gefe. In hatsi ya nuna, mai gona ya yanke na cikin turakun ya ajiye daban ya bushe, mu zo mu sussuka mu auna. Abin da aka samu a ninka ɗari, ya zama na eka guda ta Faransa, wato hekta, sannan a sake ninkawa da gonakin garin gaba ɗaya. Ni kuwa lissafin nan yana burge ni ƙwarai.

A wani ƙauye na karkarar Ɗan Kassari ƙuri'a ta faɗa kan wani dattijo mai fara'a, tare da wasu 'yan uwansa manoma. Mun kafa turaku damina na tsakiya, gero kore shar. Bayan tafiyarmu ruwa ya ɗauke, tsutsa ta bi zangarniya ta cinye sauran. Da na koma da kaka a kan moto, wato babur, gonakin bakin hanya kara ne kawai a tsaye, abin ban tausayi.

Amma da dattijon ya fito da nasa tarin, sai ga zangarnu cike da ƙwaya. Na ce, "Baba, wannan duk daga cikin turakun ne?" Ya dubi ƙasa ya ce, "Alhamdulillahi, ɗana. Mun gode Allah." Maƙwabta suna tsaye kewaye da mu. Sauran gidajen ma haka, sikeli ya yi ta nuna nauyi. Raina bai kwanta ba, na faɗa wa shef, shugabanmu, a biro, wato ofis. Ya ce, "Malam, ba a gyara adadi da kallon ido. In kowa zai rage abin da ya auna saboda tausayi, me ya rage na bincike?" Wallahi bisa ƙa'ida gaskiya ya faɗa. Ƙauyen ya fito cikin masu wadata, tallafi ya wuce su.

Da bazara wani aiki ya sake kai ni can. Innalillahi! Gidaje da yawa an toshe ƙofa da ƙaya, matasa sun tsallaka Kabi da Sakkwato neman abin kai wa baki. Mata na dafa ganye zalla. Na tarar da matar dattijon zaune a gindin rumbu, babu ko zangarniya ɗaya a ciki. Ta ce mijinta ya sayar da gonar, ya sayar da jaki, duk bai kai su ba. Abincin da ya samu jikoki yake turawa, yana cewa ya ƙoshi. Zazzaɓi ya same shi babu ƙarfi a jiki, bai tashi ba.

Ina zaune, sai maƙwabcinsa ya zo gaisuwa. Na tambaye shi zancen geron nan. Ya ce, "Mu munka ƙara mai. Abin da ya yanko bai cika ƙwarya ba. Baƙi za su taho daga birni su auna talaucin dattijo gaban jama'a, mu zura ido? Kowa ya kawo 'yan zangarnun da ya tsira da su, munka rufa mishi asiri. Duk waɗanda anka zaɓa haka munka yi musu."

Na tsuguna na zana masa a ƙasa yadda ake ninka abin da ke cikin turaku, yadda kowane dintsi da suka ƙara ya zama buhuna a lissafinmu, buhunan da ba su taɓa wanzuwa ba. Ya daɗe yana kallon zanen, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ashe da hannunmu munka kore abincin? Don Allah, mi ya hana ku gaya muna?"

Ba wanda ya taɓa gaya musu. An koya mana ƙuri'a da sikeli da ninkawa, ba a koya mana cewa mutumin Arewa zai iya kwana da yunwa don kada a ga tsiraicin maƙwabcinsa ba. Na kai bayani biro, amma rabon hatsi ya riga ya ƙare.

Har yau aikin alƙaluma nake yi, kuma ban raina su ba. Sai dai tun daga ranar ba na kafa turke a gonar kowa sai na tara mutanen gari na faɗa musu abin da za a yi da awon, da abin da zai same su in ya yi sama ko ya yi ƙasa. Na koyi cewa lissafi ba ya tambayar niyya. Alheri ma in ka saka masa, ninka shi zai yi, ko da zai kashe wanda aka yi dominsa.