Hoton da Mama Ta Amsa wa Gaisuwa

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ƙanena yana tuƙi, ni kuma ina rungume da jakar kyamara kamar mai jego da jaririnta. Ku da kuke bibiyar hotunana kun saba ganin na fita yawon ɗaukar tsuntsaye da tsofaffin gine-gine don nishaɗi, amma wannan karon aikena aka yi. Yanar ido ta kama mahaifiyarmu, Mama Saratu, kullum ganinta raguwa yake, ciwon ƙafa kuma ya hana ta doguwar tafiya. Ta ce kafin idon ya rufe tana son ta sake ganin fuskar Hajiya Indo, aminiyarta ta Ƙofar Kaura a Katsina, wadda muka yi maƙwabtaka da ita lokacin marigayi Baba yana aikin gwamnati. Hoton cikin waya dishi-dishi take ganinsa. "Ki kawo min wanda zan gani," shi ke nan abin da ta ce.

A Funtuwa muka tsaya shan koko da ƙosai. Kuɗinsa ya hau, shi kuma ƙosan ya rame, har ƙanena ya tambayi mai suyar ko azumi ƙosan yake yi. Daga nan zuwa Malumfashi gonakin dawa sun yi kyau, ranar safe tana bugunsu ta gefe, irin hasken da mai hoto yake roƙon Allah ya ba shi. Na yi ta ɗauka ina yabon kaina. Da na duba, duk sun fito kamar an ɗauke su a ɗakin girki mai hayaƙi. Ashe na shafa man ƙosai a gilashin kyamarar. Don Allah ku riƙa goge gilashi kafin ku ɗaga kyamara, ko da ta waya ce.

Da muka shiga Katsina na sa muka fara bi ta Ji'ar'e, unguwar manyan ma'aikatan gwamnati, inda muka koma da zama bayan an ƙara wa Baba girma. Gidan yana nan, amma an kewaye shi da doguwar katanga, mangwaron da na faɗo daga kansa kuwa babu ko kututturensa. Raina ya sosu sosai. Ban ɗauki gidan ba, tunda yanzu na wasu ne. Inuwar darbejiyar bakin titi na ɗauka, inda muke jiran Baba ya taso daga ofis.

A Babbar Kasuwa na saya wa Hajiya turmin atamfa. Rana ta take, kuma ranar tsaka ba ta ƙaunar fuskar kowa, rami take haƙa wa mutum a ƙarƙashin ido. Sai na tsaya cikin inuwar rumfa na ɗauki jerin atamfofi, bayan na gaisa da mai shagon na nemi izini. A garin nan wanda ya ɗaga kyamara kafin ya yi sallama, ƙeya kawai zai samu.

Ƙofar Kaura ta cika da shaguna da hayaniyar babura, da ƙyar na gane lungunmu. Ta wannan lungun nake kai wa Hajiya shinkafa da cincin ranar Kirsimeti, ta nan kuma naman layya yake zuwa mana. Ƙanena ya tsaya a zaure, ni na shige ciki. Hajiya ta tsufa, amma muryar tana nan. "Ɗiyar Saratu! Ke ce kika zama uwar mata haka?" Ta dama mana fura da hannunta, ta tsare ni sai da na ga ƙasan kwano.

Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta shige ɗaki ta daɗe. Ta fito cikin leshi mai nauyi da babban mayafi, ta zauna a kujera, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta ɗaure fuska tamau. Na roƙe ta ta ɗan saki rai. "Hoto ba wasa ba ne, ɗiyata," in ji ta. "Mi za a ce, tsohuwa da ni ina washe baki?" Haka mutanen zamaninsu suka san hoto: a je shagon mai hoto a ƙame kamar za a yi fasfo.

Na yi duk abin da na sani. Na jira bayan la'asar da rana ta yi sanyi. Na matso da kujerar bakin ƙofar ɗaki, inda haske yake shigowa ta gefe ɗaya. Na kawar da bokiti da igiyar shanya, ya zama babu komai a bayanta sai jan bango, saboda idon Mama ba zai iya tsince fuska cikin tarkace ba. Na kashe fitilar kyamara, na durƙusa daidai tsayin idonta, na matsa har fuskarta ta cika hoton. Komai ya yi daidai, sai dai matar da ke ciki ba Hajiya Indon da muka sani ba ce. Ni kaina da na gan ta a hanya haka, wucewa zan yi. Ga rana tana ta sauka bayan katanga, hankalina ya tashi.

Hajiya ta gaji, ta fara gyara mayafi za ta tashi. "In kin koma ki gaishe min da Saratu, ki ce mata..."

"Hajiya," na ce, "ga ta nan cikin gilashin kyamarar nan. Ki gaishe ta da kanki."

Ta harare ni, ta yi 'yar dariya. Sai kuma ta sunkuyo, ta dafa ƙirji, ta karkata kai yadda take yi in sun haɗu a bakin katanga. "Saratu, ina wuni? Lahiya lau kike? Ina gajiya? Yaya ƙahwar taki? Yaya idon? Yaya haƙurinmu na rashin Malam, maigidan naki?" Tana jero gaisuwar fuskar tana sakewa, wushiryarta ta fito, ido ya ciko da ƙwalla. Na danna, na sake dannawa, ni ma da ƙyar nake ganin abin da nake ɗauka.

Washegari muka kamo hanya da ƙullin daddawa da kuka na tsaraba. Ban yarda na nuna wa Mama hoton a waya ba. Na kai aka wanke shi babba, kusan faɗin faranti, a takarda marar ƙyalli don kada haske ya kashe mata ido. Na zaunar da ita kusa da taga na miƙa mata. Ta kai shi nesa, ta dawo da shi dab da hanci, ta ƙura masa ido. Can sai na ga ta dafa ƙirji.

"Lafiya lau, Indo," in ji ta. "Da sauƙi. Haƙuri sai ma'abocinsa."

Abin da tafiyar nan ta koya min ke nan. A goge gilashi, a jira rana ta yi sanyi, a share bayan mutum, a matsa kusa, duk gaskiya ne. Amma kafin ki danna, ki san wa zai kalli hoton, ki bar wanda kike ɗauka ya yi magana da shi. Mun rataye hoton a gefen taga. Yanzu Mama ba ta karyawa sai sun gama gaisawa.