Kwalbar da Kaka Ta Aika Gidan Suna

Akwai wata rana da ko an cire min ƙwaƙwalwa an wanke ta da sabulu ba zan manta da ita ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na fara ba da labarin da baki ba na iya kai shi ƙarshe, don haka na ga gara in rubuta.

Yayata mai binciken ƙanƙara ce. Ba ta firji ba, wadda ta daskare a kan dogayen duwatsun gabashin Afirka tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, wadda yanzu take narkewa. Aikinta shi ne ta ɗaura igiya a ƙugu, ta hau har inda numfashi ke yi wa mutum wuya, ta kafa sanduna cikin ƙanƙarar, bayan watanni ta koma ta ga yawan abin da ya tafi. Tana kuma ɗebo ruwan da ke tsiyaya daga ƙarƙashi don a kai ɗakin gwaji. A Zango, unguwarmu a Kumasi, ba wanda ya taɓa gane wannan sana'a. Kawunmu ya ce in dai kallon ƙanƙara tana narkewa ne, da ta yi zamanta a gida, duk ranar da aka ɗauke wuta Mma, mahaifiyarmu, za ta nuna mata kyauta.

A waccan shekarar ta biyo ta Kumasi don ta yi mana 'yan kwanaki kafin ta wuce jami'arta a Turai. Ta zo a rame, leɓenta duk ya tsattsage, farcen yatsarta ɗaya babu. Ta kuma zo da wasu ƙananan kwalabe na ruwa garai-garai, kowace an naɗe bakinta da tef, ta jera su a firjin da Mma ke sa sobolon sayarwa, wato zoɓo. Ni kaɗai ta ja gefe, don ni ce na yi sakandare.

"Ki kula min da waɗannan," in ji ta. "Na ɗiga musu magani mai kashe duk wani abu mai rai a cikin ruwa, don kada ya canja kafin a auna. Guba ce. Ga shi nan na rubuta a jiki."

Ta rubuta kuwa, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe masu kyau.

A makon nan kuma gwaggonmu ta dawo daga Umra da jarkar Zamzam. Wanda ya san gidajenmu ya san yadda ake yi: a zuba a ƙananan kwalabe, a aika wa marar lafiya, da tsoho, da maijego. In matafiyi ya shigo gida da ruwa, ba mai tambayar wane ruwa ne.

Ran nan da hantsi na dawo daga kai wa Mma saƙo, na buɗe firji in ɗauki ruwan sha, sai na ga gurbi a layin kwalaben. Kaka tana zaune kan tabarma tana jan carbi.

"Kaka, wa ya taɓa kwalaben nan?"

"Ni ce. Gwaggonki ta iya shiri, har da liƙe baki. Na ba maƙwabciya ɗaya ta kai gidan suna a unguwar Moshi Zango. Na ce a fara ɗiga wa yaron kafin kowa."

Ban san lokacin da na fita ba. Na kira maƙwabciyar, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na kira maijegon, haka. Wa zai ji waya a gidan suna, lasifika na tashi? Sai na kira Yaya, tana Adum, can cikin gari, neman akwatin sanyi. Na faɗa mata cikin kalmomin da ban tuna su ba. Ta ce, "Ki ruga. Ina zuwa." Ban taɓa jin muryarta haka ba, ita da take ba da labarin faɗawa ramin ƙanƙara kamar labarin zuwa kasuwa.

Na shiga trotro, ƙaramar bas ta haya, ya tsaya cikin cunkoso. Direban ma ya kashe mota ya sayi ayaba. Na dira na kama gudu. Takalmina ɗaya ya faɗa kwata, na bar masa shi. Wata mai sayar da waakye, shinkafa da wake, da ta san Mma ta ɗaga murya, "Ei, 'yar nan, wa ya mutu?" Ban amsa ba, don amsar ce nake gudun kada ta samu.

Gidan cike yake da mata, kowa da anko. Na ratsa tsakar gida, na taka ƙafar wata, na ture kujerar wata, na faɗa ɗakin maijego. Kakar jaririn na zaune bakin gado, yaron a cinyarta, kwalbar a hannun hagu, ƙaramin cokali a dama, cike. Daga baya na ji cewa tef ɗin ne ya ba su wahala, sai da aka nemo wuƙa a wajen masu yanka albasa. Kuma Allah ya sa tsohuwar mai doguwar addu'a ce. Ta gama da yaron, ta gama da iyayensa, ta shiga kan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Da irin masu bisimilla su wuce ce, da wani labarin nake rubutawa.

Na yi niyyar in ce a tsaya. Bakina bai buɗe ba, hannuna ne ya tafi. Cokalin ya bugi bango, kwalbar ta yi ƙasa, ruwan ya bi siminti ya shige ƙarƙashin gado.

Tsohuwar ta miƙa wa maijegon yaron a hankali, ta gyara ɗankwali, sannan ta wanke ni da mari.

"Zamzam kika zubar? 'Yar gidan wa ce wannan?"

"Guba," na ce. Ita kaɗai ta fito.

Kada Allah ya sa ku faɗi wannan kalma a gidan suna. Maijegon ta ƙwala ihu ta rungume ɗanta. Maƙwabciyarmu ta fara rantsuwa da duk abin da ta sani cewa ita aike kawai aka yi ta. Wata daga ƙofa ta ce, "To Hajiya kakar 'yar nan ce ta aiko wa jinjiri guba?" Ni kuwa na zauna a ƙasa, ƙafa ɗaya da takalmi.

A haka Yaya ta shigo. Ba ta kalli ƙasa ba. Ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce, "Hajiya, don Allah, ya taɓa bakinsa?"

"Bai taɓa ba. Ban kai amin ba."

Duk da haka ta sa aka kai shi asibiti aka duba, aka ce lafiyarsa lau. Ta dawo ta tsaya tsakiyar matan nan ta yi bayanin dutse, da ƙanƙara, da magani, ta ce laifinta ne, ba na Kaka ba. Sannan ta sa leda a hannu, ta ja gadon, ta wanke simintin da kanta. Wata tsohuwa da ke kallonta ta ce, "Duk wannan karatu, ashe ɗebo ruwa take yi."

A tasi, muna komawa, na tambaye ta ko za ta iya ɗebo wani.

"Daga wurin? Babu. Wancan ɓangaren ƙanƙarar saura kamar faɗin tsakar gidanmu na tarar. Kafin in koma dutse ne kawai."

"To me za ki ce musu a can?"

"Zan ce ta zube a gidan suna."

Ta juya tana kallon taga.

A gida mun tarar labari ya riga mu. Kaka ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dubi Yaya ta ce, "Kin ajiye mutuwa kusa da sobolo, kika faɗa wa ƙaramar cikin gida. Ni ba a gidan nake ba?"

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi: in ka shigo da abu mai haɗari gidan mutane da yawa, kada ka zaɓi wanda kake ganin zai gane. Ka tara kowa, ka fara da babba, ka faɗa da baki, da harshen da ake magana a gidan.