Ranar da Malam Sanda Ya Karanta Sunansa a Takardar Ƙwaya

Shekara talatin da ɗaya Malam Sanda ya yi yana ba da magani ta taga a wani asibiti da ke Doka, kuma ba a taɓa kawo rubutun likitan da ya gagare shi ba. Ko kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda, zai ɗaga tabarau ya ce maka biyu safe, biyu yamma, bayan an ci abinci. Da ya yi ritaya sai ya kafa benci a ƙofar gidansa a Unguwar Sarki, mutane suka biyo shi da takardunsu. Har daga Rigasa ake zuwa. Ni Husaini maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, ban taɓa jin ya ce "ban gane ba".

Wata Asabar da hantsi muna kan bencin nan, matarsa Juwairiyya ta leƙo da 'yar takarda a hannu. Ta ce a aljihun jakar Nafisat ta tsinta. Nafisat ita ce autarsu, tana shekarar ƙarshe a jami'a, ta zo hutun ƙarshen mako.

Ga abin da ke jiki: Dex (Sanda) 1d20+3, DC 15.

Malam Sanda ya duba sau ɗaya, tabarau ya zamo masa har kan hanci.

"Innalillahi! Juwairiyya, mun shiga uku. Deksa ce!"

"Mece ce kuma deksa, Malam?"

"Sha-ka-fashe! Ƙwayar da 'yan mata ke sha su yi ƙiba. Ɗaya kullum, kwana ashirin, a ƙara uku. A dakata ranar sha biyar ga wata. Wane marar imani ne ya rubuta..." Sai ya tsaya cak. Ya ga abin da ke cikin baka biyun. "Husaini, duba nan. Sunana ne! Da sunana take sayen ƙwaya!"

Juwairiyya ta dafe ƙirji. Ni kuwa yarinyar nan a gabana ta yi rarrafe. Na ce masa ai ban ga ta ƙara ko kumatu ba, har yanzu kamar tsinken tsire take. Ya ce ba ta kai kwana ashirin ɗin ba ne. Nan take ya rantse da Allah ba za ta koma makaranta ran Litinin ba, karatun ya ƙare. Saura mata wata huɗu ta gama.

Muka shiga tsakar gida, aka kira Nafisat. Ta fito da kumfar wanki a hannu.

"Ina ƙwayar?" in ji shi.

"Wace ƙwaya, Baba?"

Ya miƙa mata takardar. Ta duba, ta ce, "Au, wannan? Tana jaka."

Juwairiyya ta fashe da salati. Ko musu yarinyar ba ta yi ba! Nafisat ta shiga ɗaki ta dawo ta ɗora wa ubanta wani abu shuɗi a tafin hannu, kamar ƙwayar ludo, amma ita wannan fuska ashirin gare ta, kowace da lambarta.

Ya juya ta, ya sake juyawa. "Wannan ake haɗiyewa?"

"Jefawa ake yi, Baba."

"Caca!"

"Ba a sa komai. Wasa ne na labari, mu biyar a ɗakinmu. Ɗaya tana ba da labarin, kowa da mutumin da take ɗauka. In mutuminki zai yi abu mai wuya, sai a jefa a gani ko zai iya."

Ta bi takardar da yatsa kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Harafin d da ashirin, ƙwayar nan ce, a jefa sau ɗaya. Ukun da ake ƙarawa gwanintar mutuminta ce. Sha biyar ita ce lambar da sai an kai ta, in ba haka ba an faɗi. Dex kuwa zafin nama ake nufi, sauƙin jiki.

"To sunana fa? Me ya kai ni cikin labarinku?"

Ta ƙura wa takardar ido, sai ta toshe baki da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa.

"Baba, sanɗa ce. Tafiya a hankali kada a ji ka. Mutumina zai wuce mai gadi ne. Lanƙwasar kan harafin na manta."

Mutumin da ya karanta rubutun likitoci ɗari, ƙugiya ɗaya ta kan harafi ta kayar da shi a gaban matarsa.

Na ce, "Malam, jefa mu gani ko za ka iya sanɗa ka fice daga maganar nan."

Ya harare ni, amma ya jefa. Biyu ta fito.

"Da uku, biyar," in ji Nafisat. "An kama ka, Baba."

"To rantsuwar fa?" in ji Juwairiyya. "Ni dai na ji ka da kunnena."

Ran Litinin shi da kansa ya ɗauki jakarta ya kai ta tasha. Ran Talata aka dafa shinkafa da wake na kaffara aka ciyar da mutum goma. Na je da kwanona, ya ce ba na cikin mabuƙata.

Har yau yana kan bencinsa, ana kawo takardu. Sai dai yanzu kafin ya buɗe baki yakan kai takardar daf da tabarau, ya tambayi mai ita, "Wa ya rubuta, kuma yana sa wa harafi ƙugiya?"