Furen Kawu Tomekichi a Kofin Shayi

A ƙauyenmu babu wanda bai san Kawu Tomekichi da shunran ɗinsa ba, furen nan da ke fitowa a gindin itatuwa in ƙanƙara ta narke. Na kowa kore ne. Shi kuwa ya tono wani a bayan dutse, ya dubi ganyen, ya shinshina saiwar, ya rantse ja zai fito. Shekara da shekaru abu na cikin tukunya, ganye kawai yake yi, Kawu na wanke masa tsakuwa yana ba shi ruwa da cokali. Matarsa, Inna Fusae, takan ce ko tana amarya ba ta ga rabin wannan gata ba.

Bana sai ga toho guda ɗaya tak. Kawu ya kifa masa hular takarda, don masu harkar sun ce haske na ɓata launi. Shi kansa bai yarda ya leƙa ba. Amma ya riga ya cika gari da baki, musamman gaban abokinsa Genzo, mai kiran shukar albasar tsoho.

Ana haka ciwon baya ya kai Kawu wankan ruwan zafi a wani gari. Ga dangin saurayin jikarsu na tafe, kuma mu ba ma tarar irin waɗannan baƙi da shayin kullum, sai da shayin furen shunran da aka jiƙa a gishiri, kowane kofi da furensa. Inna ta zaga dutse, furen bai ishi kofuna ba, saura ɗaya. Ta ɗaga hular ta tsinke.

Kawu ya dawo ya tarar da hula babu kai. Bai yi faɗa ba, abinci ya daina ci. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ranar baƙi, har da Genzo a zaune, Inna ta ajiye wa mijinta kofinsa, da furen nasa a ciki. Furen ya buɗe cikin ruwan zafi, ja wur. Kawu ya manta da surukai, ya miƙe ya kai kofin har hancin Genzo.

"To, ga albasar. Duba da kyau."

Ina taya Inna wanke-wanke na ga yatsunta sun rine da jan ruwan tsamin da take adana 'ya'yan itace a ciki. Na tambaye ta wane launi ta gani a ƙarƙashin hular.

"Kore shar, 'yar nan, irin na kowa," in ji ta. "In kika faɗa masa, ke ma a gishiri zan jiƙa ki."