Kukun Janar a Misfala

Shekarar da na zo Makka karatu, na kama ɗaki a unguwar Misfala, kusa da na wani tsoho mutumin Damagaram. Baba muke ce masa. Ya zo aikin Hajji tun da ƙarfinsa, bai koma ba.

Wata rana bayan la'asar muna shan shayi a bakin ƙofa, wani alhaji ya wuce yana dogara sanda a kan siminti. Sai na ga Baba ya miƙe zumbur, ya ƙame, shayi na zuba a jallabiyarsa.

"Baba, lafiya?"

Ya daɗe kafin ya zauna. "Yaro, na ɗauka Janar ne."

Ranar ya ba ni labari. Yana saurayi fatauci ya kai shi Gini Bisau, lokacin tana hannun Turawan Fotugal. Kaya suka ƙare, ya shiga aikin kuku a gidan wani janar. Mutumin ɗan babban gida ne, iyaye da kakanni duk mayaƙan sarkinsu. Tun yana yaro aka sa shi makarantar soja. Ya yi yaƙi a Angola, inda harsashi ya fasa masa gwiwa, aka ƙara masa girma, aka turo shi Gini da sandarsa.

"Ba ya tsawa," in ji Baba. "Amma idan ya fita da safe, kafin azahar sai ka hangi hayaƙi ta wajen ƙauyuka."

Abin da ya fi tsaya wa Baba a rai shi ne cin abincinsa. Shi kaɗai yake zama, amma sai an jera faranti a gaban kujerun hafsoshinsa da aka kashe. Baba ya zuba musu miya, Janar ya riƙa tambayar kujerun ra'ayinsu, yana gyaɗa kai. In an gama, Baba ya kwashe farantan cike.

Da yaƙi ya juya wa Turawan baya, Janar ya hau jirgin ruwa ko sallama babu. Daga baya Baba ya ji an ce ya mutu a gidan kakanninsa, babu ɗa babu jika.

"Na sha zamzam, na yi ɗawafi ba adadi," ya ce. "Har yau in na zuba abinci, sai in ji kamar akwai wanda ban ba ba."

A ciwonsa na ƙarshe Hausa ta gudu daga bakinsa, Larabci ma haka. Jikokinsa, haihuwar nan, suka kira ni ko zan gane abin da yake faɗa. Yaren Fotugal yake yi, a hankali, cikin ladabi, idonsa na kan bango. Na yi ta laƙƙana masa kalmar shahada. Can ya juyo ya dube ni kamar baƙo, sannan ya karɓa. Washegari aka yi masa salla a Harami.